Sharhi: Abin da ya kamata iyaye da ɗalibai su duba kafin zaɓen makarantar koyon aikin jinya

Da zarar hukumar JAMB ta saki sakamakon jarrabawar neman shiga manyan makarantu, fannin aikin jinya na cikin waɗanda ake rububin neman gurbinsu a jami'o'i da kwalejojin Najeriya. Asibitocin gida ba sa rabuwa da buƙatar ma'aikatan jinya, kuma ƙasashe irin su Birtaniya da Amurka da Saudiyya na ɗibar su. A farkon shekarar 2024, magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, na wancan lokaci, Dakta Faruk Abubakar, ya bayyana cewa kimanin ma'aikatan jinya 42,000 ne suka bar ƙasar nan cikin shekaru uku.

Domin cike wannan giɓi, Gwamnatin Tarayya ta faɗaɗa guraben karatu. A shekarar 2025, Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da cewa adadin ɗaliban jinya da aka amince a riƙa ɗauka duk shekara ya tashi daga 28,000 zuwa 115,000. Sababbin makarantu na gwamnati da masu zaman kansu sun ƙaru, tallace-tallacensu kuma sun cika gidajen rediyo da kafofin sada zumunta. Yawan makarantun ya sauƙaƙa samun gurbi, sai dai ya ƙara wa iyaye nauyin rarrabe makarantar ƙwarai da ta bogi. Magidancin da ya sayar da amfanin gona ko ya ci bashi domin karatun 'yarsa, abin da yake nema shi ne ta fito da izinin yin aiki.

Wannan izini kuwa hukumar NMCN ce kaɗai ke bayar da shi. Dokar da ta kafa ta a shekarar 1979 ta ɗora mata alhakin amincewa da makarantu, da shirya jarrabawar ƙwarewa, da yi wa waɗanda suka ci rajista tare da ba su lasisi. Takardar shaidar da makaranta ke bayarwa, komai kyawun hatiminta, ba ta mayar da mutum ma'aikacin jinya a idon doka sai ya ci jarrabawar hukumar. Ɗalibin makarantar da ba a amince da ita ba kuwa ba a ma barin sa ya zauna wannan jarrabawa.

Saboda haka, matakin farko shi ne a duba jerin makarantun da hukumar ke wallafawa a shafinta na intanet, ko a tuntuɓi ofishinta. Ganin sunan makaranta kaɗai bai wadatar ba, domin amincewar na bin kowane fanni ne. Makaranta na iya samun izinin horar da ungozoma alhali ba ta da izinin koyar da aikin jinya na gaba ɗaya. Idan jami'a ce, sai kuma a tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince da digirin. Idan kwaleji ce mai bayar da difloma, hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha ce ke da wannan hurumi.

Mataki na biyu shi ne batun ƙayyadadden adadi, kuma a nan ne ɗalibai da dama ke faɗawa tarko, ko da a makarantun da aka amince da su. Hukumar na yanka wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta horar gwargwadon malamanta da kayan aikinta, kuma iyakar wannan adadi take bai wa lambar rajistar ɗalibta, wadda sai da ita ake shiga jarrabawar lasisi. Wasu makarantu kan ɗauki fiye da kasonsu, su karɓi kuɗin kowa, sannan su zubar da ragowar bayan jarrabawar tankaɗe da rairaya ta watannin farko, ko su bar su suna jiran lamba shekara bayan shekara. Iyaye na da haƙƙin tambayar hukumar makaranta adadin da aka yanka mata, da adadin da ta ɗauka, da yawan ɗalibanta da suka ci jarrabawar hukumar a shekarun baya.

Mataki na uku shi ne sanin hanyar da ta dace da burin ɗalibi, domin hanyoyin sun bambanta. Digirin jinya a jami'a shekara biyar ne, sai shekara guda ta horon sanin makamar aiki a asibiti, sannan hidimar ƙasa. Jami'ar Ibadan ce ta fara bayar da shi a 1965, yau kuma ana samun sa a wurare irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Shi ne ya fi dacewa da mai son koyarwa ko bincike ko hawa manyan matakan shugabanci.

Tsohon tsarin makarantun jinya na shekara uku, wanda ya samar da akasarin ma'aikatan da ke asibitoci a yau, ana mayar da shi tsarin kwaleji mai ƙaramar difloma da babbar difloma, shekara biyu-biyu, kuma ta hanyar JAMB ake shiga. Akwai kuma tsarin jinya da ungozoma na karkara mai shekara biyu, wanda lasisinsa ya taƙaita ga aiki a cibiyoyin lafiya na matakin farko. Tsari ne mai matuƙar amfani ga ƙauyukan Arewa, inda mata masu juna biyu da dama ba sa sakin jiki sai da ma'aikaciya mace, amma wanda ke hangen aiki a asibitin koyarwa ko a ƙetare zai buƙaci ƙarin karatu bayansa.

Wani ruɗani da ya zama ruwan dare shi ne ɗaukar makarantun fasahar lafiya a matsayin makarantun jinya. Jami'an kiwon lafiyar al'umma da waɗannan makarantu ke yayewa suna da tasu hukumar rajista daban, aikinsu na da daraja, amma takardarsu ba ta jinya ba ce. Haka nan horon da wasu asibitoci masu zaman kansu ke bai wa matasa da sunan mataimakan nas ba ya kai wa ga lasisi. Alama mai sauƙin ganewa ita ce sharaɗin shiga: halastacciyar makarantar jinya na neman kiredit biyar a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Makarantar da ta ce za ta ɗauki ɗalibi ba tare da su ba, ta riga ta nuna matsayinta.

Bayan takardu, sai ingancin horo. Ana koyon aikin jinya ne a gefen gadon majinyaci, don haka ya dace a san asibitin da ɗalibai ke zuwa koyon aiki, da nisansa da makaranta, da ko yana da ɗakin haihuwa da sashen yara da na tiyata da isassun majinyata. Ziyarar yini guda da tattaunawa da ɗaliban da ke ciki kan bayyana abin da talla ke ɓoyewa. Kuɗin makaranta ma ya kamata a lissafa shi har ƙarshen karatu, tare da na kayan sawa da masauki da rajistar jarrabawa, tun da kuɗin kwalejojin jihohi da na asibitocin koyarwa ya yi nesa da na masu zaman kansu.

Masu tunanin tura 'ya'yansu ƙetare su ma suna da abin lura. Duk wanda ya karanta jinya a waje sai ya bi tsarin daidaitawa na hukumar NMCN, ya ci jarrabawarta, kafin ya yi aiki a Najeriya. A watan Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirorin jamhuriyoyin Benin da Togo bayan wani binciken jarida ya bankaɗo cinikin takardu, yayin da yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya katse karatun ɗalibai da yawa 'yan Arewa masu nazarin fannonin lafiya.

Nauyin bai tsaya a kan iyaye kaɗai ba. Ƙara gurabe zuwa 115,000 na buƙatar ƙarin malamai da ɗakunan gwaji da gadajen asibiti daidai da wannan adadi, idan ba haka ba ingancin horo ne zai ja baya, majinyata kuma su ɗanɗana kuɗarsa. Ya kamata hukumar NMCN da ma'aikatun lafiya na jihohi su riƙa bayyana sunayen makarantun da aka amince da su da adadin kowacce a gidajen rediyo cikin harsunan gida kafin lokacin sayar da fom, su kuma gurfanar da masu buɗe makarantun bogi a gaban kotu, domin a daina karɓar kuɗin talakawa a kan karatun da ba zai kai ga lasisi ba.