Hanyar Filin Wasa Ta Yi Nisa

A ƙasar Amurka, daga ƙarshen watan Agusta har zuwa farkon Disamba, ranar Asabar ta jami'o'i ce. Juma'a da dare 'yan makarantun sakandare ke wasa, Lahadi kuwa ta ƙwararru ce masu cin abinci da ƙwallo, amma Asabar an bar wa ɗalibai. Ƙwallon da nake nufi ba irin namu ba ne. Nasu mai siffar ƙwai ne, a hannu ake rungumarsa a sheƙa da gudu, 'yan wasa 11 a kowane gefe, kowa da hular kwano da sulke a kafaɗa, ana karo kamar raguna. Kowace babbar jami'a takan yi wasa 12 a kaka guda, wajen shida ko bakwai a gida, saura a gidan abokan hamayya.

To, akwai mutanen da suka mai da bin waɗannan wasanni tamkar fatauci. Ɗalibai ne, da tsofaffin ɗalibai, da iyalansu. Ran Juma'a su ɗora kaya a mota su kama hanya, su kwana a garin da za a yi wasa, Lahadi su komo gida, mako mai zuwa kuma a sake lale. Waɗansu ma buri suke ci na ganin duk manyan filayen ƙasar kafin su bar duniya. Ra'ayina shi ne, wannan tafiya ita ce ran wasan, kuma hukumomin jami'o'in da kansu suna nema su kashe ta saboda kuɗin talabijin. Abin ya shafe mu, domin ba a cika yin hirar wasannin jami'o'inmu ba tare da wani ya kawo misalin Amurka ba, yana yi yana haɗiyar yawu.

Bari mu fara da abin da matafiyin yake gani, don kada a ce na rage musu mudu. Filin Jami'ar Mishigan da ke garin Ann Arbor, wanda aka buɗe a 1927, yana ɗaukar mutum 107,601. A 2013, ranar da suka kara da Notre Dame, an ƙirga mutum 115,109 a ciki. Mai karatu ya tuna babban filin wasa na ƙasa da ke Abuja kimanin 60,000 yake ɗauka, alhali wancan na makaranta guda ne. Na Jami'ar Jihar Ohayo, mai siffar kofaton doki, ya haura 100,000. Haka na Penn State, wanda ke gefen wani gari da mazaunansa ba su kai rabin masu shiga filin ba. A jihar Nebaraska, in filin jami'a ya cika, birane biyu ne kaɗai a jihar duka suka fi shi yawan jama'a, kuma tun daga 1962 jami'ar take lissafin jerin wasannin da tikiti ya ƙare ƙaf.

Amma girman gini ba shi ke sa mutum ya tuƙa mota sa'a shida ba. Kowane fili da irin al'adarsa, ita ce kuwa ake zuwa gani. Tun da sassafe mutane kan buɗe bayan motocinsu a kewayen fili, su kafa rumfa da murhu, a yi ta gashin nama ana kiran wanda ya zo wucewa, ko da rigar abokan gaba ce a jikinsa. A Jami'ar Misisifi akwai wani kurmi mai faɗin eka 10 a tsakiyar makaranta, wanda kan cika da tantuna har da teburan da aka shimfiɗa wa kyalle kamar gidan biki. A Tenesi filin yana bakin kogi, saboda haka waɗansu a jirgin ruwa suke zuwa, su ɗaure shi a gaɓa su hau tudu. Ɗaliban Texas A&M a tsaye suke kallon wasa daga farko har ƙarshe, al'adar da suke dangantawa da wani ɗalibi da aka kira daga cikin 'yan kallo a 1922 ya sa kayan wasa ya tsaya ko za a bukace shi. Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta Jami'ar Ayowa. Akwai asibitin yara da ya yi wa filin rumfa, to tun 2017, da an gama kashin farko na wasa, sai mutum kusan 70,000 su juya gaba ɗaya, har da 'yan wasa da alƙalai, su ɗaga wa yaran da ke leƙe ta tagogin bene hannu.

Duk wannan an gina shi ne a kan abu guda, watau kusanci. Wasan farko tsakanin jami'o'i biyu an yi shi ran 6 ga Nuwamba 1869, tsakanin Rutgers da Princeton, maƙwabta ne a jihar Niyu Jesi, Rutgers ta ci 6 da 4. Daga nan jami'o'in kowane yanki suka riƙa haɗa kansu rukuni rukuni, kowane rukuni yana wasa a tsakaninsa. Na tsakiyar ƙasar, wanda aka sani da Big Ten, watau Manya Goma, an kafa shi a 1896; na gaɓar yamma, wanda ya zama Pac-12 daga baya, asalinsa 1915. Abokin karawarka maƙwabcinka ne. Wanda ka ci ran Asabar, da shi za ka haɗu a ofis ran Litinin, wataƙila ma surukinka ne. Jami'ar Teksas da ta Okalahoma a birnin Dallas suke haɗuwa kowace shekara, don yana kimanin kilomita 300 daga kowacce, a raba filin biyu daidai, rabi ja, rabi ruwan goro. Ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi yana iya haɗa kuɗin mai da abokansa huɗu, su je su dawo ba su rasa laccar Litinin ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ƙafa tana da iyakar inda za ta kai.

Yadda aka yi hanyar ta miƙe kuwa, ga shi. A da, hukumar wasannin jami'o'i ta ƙasa, NCAA, ita ke sayar wa gidajen talabijin wasanni, tana kuma ƙayyade sau nawa za a nuna kowace jami'a. Jami'ar Okalahoma da ta Jojiya suka kai ta ƙara, a 1984 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya. Daga ranar kowane rukuni ya sami ikon yin cinikinsa da kansa, sai darajar jami'a ta koma yawan gidajen da za su kunna akwati don ita. Big Ten ta ɗauko Rutgers da Maryland a 2014, ba don sun fi kowa iya wasa ba, kowa ya san biranen Niyu Yok da Washinton ake hange. A 2022 ta ƙulla yarjejeniyar shekara bakwai da Fox da CBS da NBC a kan fiye da dala biliyan 7. A 2024 rumfar ta rufta: jami'o'i 10 daga cikin 12 na Pac-12 suka watse, aka bar Jami'ar Jihar Oregon da ta Jihar Washinton su kaɗai. USC da UCLA da Oregon da Washinton suka shiga Big Ten, wadda ta zama mai jami'o'i 18 amma ba ta ji kunyar ci gaba da amsa sunan Goma ba. Stanford da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, waɗanda ke shan iskar tekun Fasifik, suka shiga rukunin da sunansa ma na gaɓar tekun Atilantika ne. Wanda ya karanta labarin ƙasa a aji uku na sakandare ya san akwai magana.

A dubi abin da wannan ya jawo wa ƙungiyar UCLA ta birnin Los Anjalis a kakar 2024. Wasanninta na waje shida ne: Hawayi a tsakiyar teku, sa'an nan Luwiziyana, da Penn State, da Rutgers, da Nebaraska, da Washinton. Daga Los Anjalis zuwa Niyu Jesi kimanin kilomita 3,900 ne, ya fi nisan Kano zuwa Jidda, ga bambancin agogo na sa'a uku. In aka sa wasa ƙarfe 12 na rana a gabas, kamar yadda masu talabijin ke so, jikin ɗan wasan da ya zo daga yamma ƙarfe 9 na safe yake ji. Ina ɗalibin da zai bi ƙungiyarsa wannan yawo? Ina uwar ɗan wasa, mai aikin albashi, da za ta sayi tikitin jirgi sau shida a wata uku? Bugu da ƙari, sau da yawa ba a sanar da lokacin fara wasa sai saura kwana 12, wani lokaci ma shida, sai gidajen talabijin sun gama zaɓe. Wanda zai nemi masauki da izinin aiki sai ya jira. Sannu a hankali kujerun baƙi suna komawa hannun attajiran tsofaffin ɗalibai, ɗalibi na yanzu kuwa, wanda da sunansa ake wasan, ya kalla a waya.

Duk da haka 'yan ƙwallon su ne masu dama-dama. Sau ɗaya suke wasa a mako, a jirgin shata suke tafiya, su sauka su buga su juyo. Masu shan wuya na gaske su ne waɗanda ba a nuna su. Domin idan jami'a ta canja rukuni, galibin wasanninta take kwasa ta tafi da su, har da ƙwallon raga da ƙwallon kwando da ƙwallon ƙafa irin namu, na maza da na mata. Waɗannan suna wasa har a tsakiyar mako, da yawansu kuma jirgin haya suke shiga kamar kowa, su yi zaman jira a filin jirgi da littafi a cinya. Yarinyar da ke karatun kimiyyar magunguna tana buga ƙwallon raga ba ta sa hannu a yarjejeniyar kowa ba, ba kuma don ita aka biya biliyoyin ba, amma ita ce za ta sauka da asuba ta nufi ɗakin gwaji ido jawur. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san abin da masu kare tsarin za su ce, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Za su ce kuɗin ƙwallon nan shi ke ɗaukar nauyin sauran wasannin da ba su kawo ko sisi, shi ke biyan kuɗin makarantar dubban yara waɗanda in ba don wasa ba ba za su ga ƙofar jami'a ba. Za su ce tun Yuli 2021 an yarda ɗan wasa ya karɓi kuɗin talla da sunansa, kuma a Yuni 2025 kotu ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Za su ƙara da cewa canjin rukuni yakan haɗa kamar yadda yake rabawa: Teksas da Texas A&M sun daina wasa bayan 2011, sai ga shi 2024 ta sake haɗa su. Duk gaskiya ne. Sai dai mafi yawan kuɗin da ake rabawa 'yan ƙwallon da 'yan kwando maza yake tafiya, ba waɗanda ke kwana a filin jirgi ba. Kuma jami'ar da ke iya biyan mai horar da 'yan wasa wajen dala miliyan 13 a shekara, kamar yadda Jojiya ta yi wa Kirby Smart a 2024, da wuya ta gamsar da ni cewa talauci ne ya kore ta daga maƙwabtanta.

Ba ina cewa a rushe filayen ba ne. An taɓa yin mai wannan zuciya: Jami'ar Shikago, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Big Ten, ta yi watsi da babban ƙwallo a 1939 a zamanin shugabanta Robert Hutchins, kuma a ƙarƙashin kujerun filin da aka bari ne Enrico Fermi da abokan aikinsa suka tayar da tukunyar nukiliya ta farko a Disamba 1942. Wannan magani ya fi ƙarfin cutar. Shawarar da ta fi kama hankali ita ce wadda Chip Kelly ya bayar a 2023, sa'ad da yake horar da UCLA: a ware ƙwallon shi kaɗai ya yi tsarinsa, tun da ya riga ya zama kasuwa, a bar sauran wasanni su ci gaba da karawa da maƙwabta. Ni zan ƙara da cewa ko a ƙwallon ma a tilasta wa kowace jami'a ta riƙe wasa biyu ko uku a shekara da waɗanda mota ke kaiwa a yini, a kuma keɓe wa ɗaliban baƙi kujeru a farashin da aljihunsu zai ɗauka. Mu ma da muke da gasar NUGA tun 1966, in ranar ta zo da wani kamfani zai shigo da jakar kuɗi, tambayar farko da ya kamata ƙungiyar ɗalibai ta yi ita ce wa zai riƙa tsara jadawali, kuma ɗalibi nawa ne za su iya zuwa kallo su dawo kafin lacca.

Jami'ar Okalahoma, wadda ta kai ƙarar nan ta 1984, tana da ƙanwa a jiharta, Jami'ar Jihar Okalahoma da ke garin Stillwater. Tsakaninsu bai kai nisan Kano zuwa Zariya ba, kuma tun 1904 suke karawa. Da babbar ta tashi komawa rukunin kudu maso gabas tare da Teksas, sai aka yi wasan sallama a Stillwater ran 4 ga Nuwamba 2023. Ƙaramar ta ci 27 da 24. Ɗalibai suka ɓarke cikin fili, suka tumɓuke ƙarfen gola, suka ɗauke shi a kafaɗa har wani tafki da ke cikin makaranta suka jefa. A kakar 2024 da ta 2025 jami'o'in biyu ba su haɗu ba.