Ɗari Biyun Inna: A Gwada Tambayoyi Kafin a Shigo Gidajenmu



Da yawa daga cikinmu mun taɓa yin aikin anket, wato bin gida-gida ana ɗaukar bayanai. Wanda ya ƙare karatu bai samu aiki ba, da ya ji wata ƙungiya na neman ma'aikatan kwana ashirin, shi ne kan gaba. Ni ma na yi. An ba mu horo na kwana huɗu cikin wani zaure mai sanyi a birni, aka miƙa wa kowa salula ɗauke da tambayoyi, aka zuba mu mota sai ƙauyukan kudancin Maraɗi.

Rana ta biyu na shiga gidan wata dattijuwa mai tuyar ƙosai. Tambayar da Faransanci take a fuskar salula, na juya ta da Hausa: "Inna, nawa kunka kashe wajen cefane satin da ya wuce?" Ta ce: "Ɗari biyu, ɗana." Na danna 200, na wuce gaba. Sai da dare ina kwance abin ya faɗo mini a rai. Inna da dala take lissafi, kamar kowace uwa tamu. Ɗari biyu a bakinta jikka guda ce, sefa 1000. A nan aka haife ni, na san wannan tun ina zuwa sayen magi, amma gurbin da ke gabana lamba kawai yake nema, ga rana, ga sauran gidaje na jira. Da na ba abokin aikina labari sai ya yi dariya, ya ce shi ƙauyen da ya je bakin iyaka da naira suka riƙa ba shi amsa, kuma babu inda zai nuna naira ce. To kun gani: dala, sefa da naira duk sun zube cikin layi guda. Wanda zai buɗe bayanan a Yamai zai ga gidan da ke rayuwa da sefa 200 a sati, kuma ba shi da hanyar gane cewa hannuna ne ya yi kuskure.

Wani zai ce mene ne abin tayar da jijiyar wuya kan lamba ɗaya? Ai da irin waɗannan lambobi ake raba arzikin ƙasa. Ƙidayar jama'a ta 1977, da ta 1988, da ta 2001, da ta 2012 wadda ta ce mun haura miliyan 17, da su ake lissafin ajin makaranta da gidan likita da rijiya. Shirin tallafin masu ƙaramin ƙarfi da aka fara a 2011 tare da Bankin Duniya, wanda ya riƙa ba gida jikka goma a wata har tsawon wata 24, ya yi amfani da tambayoyin gida-gida wajen tantance wanda zai shiga. In tambaya ta karkace, sunan mabukaci na iya faɗuwa daga jeri, kuma ba zai taɓa sanin dalili ba.

Kada a fahimce mu baibai, ba mu ce a koma wa takarda ba. Duk wanda ya taɓa ganin kwalayen takardun anket da ruwa ya jiƙe, ko rubutun da mai shi ma bai iya karantawa, ya san salula ci gaba ce. Manhajoji irin su KoboToolbox, ODK, CSPro da Survey Solutions suna aiki ko babu rezo, suna tsallake tambayar da ba ta shafi mutum ba, suna nuna inda mai aiki ya tsaya. Sai dai takarda tana da gefe, kana iya rubuta "da dala ta faɗa". Salula kuwa abin da aka tsara mata shi kaɗai take karɓa. In wanda ya tsara bai taɓa zama kan tabarma a tsakar gida ba, kuskurensa za a maimaita shi a gida dubu.

Ku ɗauki kalmar "ménage". Mu muka ce "gida". Amma gidan Bahaushe na iya ɗaukar maigida da mata uku, da ƴaƴa biyu masu aure, ana noman gandu tare, kowace mace da gamanarta, wani lokaci tukunya ɗaya, wani lokaci kowa da tasa. Ga yaron da ya tafi ci-rani Kano ko Agadas, ga wanda ke almajiranci. Wa za a lissafa? Ni na lissafa ɗan ci-rani, abokina bai lissafa ba, kuma kowannenmu na ganin shi ne daidai.

Ku ɗauki amfanin gona. Salula na neman kilo, manomi ya ce ya samu dami arba'in. Damin wannan gari ba shi ne na wancan ba. Ko tiya da muka sani kusan kilo biyu da rabi ce ta hatsi, ta danganta da yadda aka cika ta. Haka shekaru: gurbi ya ce sai an saka lamba kafin a wuce, tsoho ya ce "Allah masani". Sai ka dube shi ka rubuta 60. Shi ya sa shekarun mutanenmu ke taruwa a 30, 40, 50. Alhali da an ajiye jerin abubuwan tarihi kusa da tambayar, yunwar 1984, rasuwar Seyni Kunce a 1987, taron ƙasa na 1991, da ya gaya maka ko ya yi aure lokacin, ka ƙirga.

Ga kuma abin da zauren horo mai sanyi ba ya nunawa. Ƙarfe ɗaya na rana cikin watan Afrilu fuskar salula ba ta ganuwa sai ka shiga inuwa. Ta yi zafi ta tsaya. Batir ya mutu a garin da caji sai ranar kasuwa. Jerin zaɓi ya yi tsawo, babban yatsa ya taɓa na ƙasa maimakon na sama. Kai kuma ka duƙufa kan allo, dattijo na magana ba ka ɗaga kai ba, har ya ce: "Yaro, da ni kake ko da abin hannunka?" Daga nan amsarsa ta zama ta sallama. Kuma ana tambayar mace abin da ta samu a sana'arta, mijinta da kishiyarta na zaune.

Duk waɗannan ana iya gano su kafin a fita, kuma hanyar ba ta da wuya. A ɗauki masu aiki biyar ko shida, irin waɗanda za a tura da gaske, da irin salular da za su riƙe. A je ƙauye na gaske. Wanda ya tsara tambayoyin ya zauna gefe ya yi shiru, ya duba inda yatsa ya tsaya, inda aka koma baya, inda mai amsa ya ce "mi kac ce?" Bayan an gama a tambayi mai amsa: da aka ce "gida", su wa kika lissafa? A auna minti nawa hirar ta ci. A koma a gyara, a sake dawowa. Wani masanin wannan fanni, Jakob Nielsen, ya daɗe da nuna cewa gwaji da mutum biyar kan fito da mafi yawan matsalolin amfani da manhaja. Mu da ke da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Barbarci, sai a yi wa kowane harshe nasa gwajin.

Za a ce babu lokaci, mai ba da kuɗi na jiran rahoto. Amma ana samun kuɗin hayar motoci da na otal ɗin da za a gabatar da sakamako. Kwana uku a ƙauye biyu ba su kai kuɗin taron nan ba. Tun ran gini, ran zane.

Don haka ga kiranmu ga ma'aikatun gwamnati, da ƙungiyoyi na gida da na waje, da duk mai turo yara da salula gidajen mutane:

1. Kada tambayoyi su fita sai an gwada su a ƙauye, da salula, da rana tsaka.
2. A rubuta fassarar kowace tambaya cikin harsunanmu a saka ta cikin salula. A daina bar wa kowane yaro ya fassara yadda ya ga dama.
3. Duk inda ake tambayar kuɗi ko awo, a ba da zaɓin dala, sefa ko naira, tiya, dami ko buhu. A kuma bar gurbin "bai sani ba" da gurbin ƙarin bayani.
4. A saurari masu ɗaukar bayanai kowace yamma, kuma a biya su yadda ba za su riƙa gudu don cika adadin gidaje ba.
5. A gaya wa mai amsa inda bayanansa za su je, a kuma dawo a shaida wa gari abin da aka gano.

Mu ma matasa da namu. In an ɗauke ka wannan aiki, ka yi magana tun a zauren horo: "An gwada wannan? A wane gari?" In ka ga tambayar da ba ta zauna ba, ka kai wa shugaban ayari. Kada ka cika gurbi da ƙarya don salula ta bar ka ka wuce, amana ce aka ba ka.

Ni dai washegari na roƙi direba muka biya ta gidan Inna, na gyara lambarta, har ta ba ni ƙosai a ganye. Amma gidaje bakwai da na yi kafin nata sun riga sun tafi, kuma har yau ban san da dala ko da sefa suka ba ni amsa ba.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya zaunar da Nijar lafiya.