Sharhi: Ranar Matattu a Meksiko, tsakanin maƙabarta da masu yawon buɗe ido

A ranakun 1 da 2 ga watan Nuwamba na kowace shekara, iyalai a ƙasar Meksiko kan tuna da 'yan uwansu da suka rasu. Ranar farko ta yara ce, ta biyu kuwa ta manya. Al'adar ta samo asali ne daga cuɗanyar bukukuwan 'yan asalin ƙasar da ranakun addu'a ga mamata na cocin Katolika, wanda Turawan Sifaniya suka kawo a ƙarni na 16.

A cikin gida akan shirya wani teburi da ake kira ofrenda, a ɗora hoton mamacin da kyandir da ruwa da gishiri da wani burodi na musamman, sai kuma abincin da ya fi so a lokacin rayuwarsa. Akan shimfiɗa furanni masu launin ruwan lemo daga bakin ƙofa har zuwa teburin, bisa imaninsu cewa ruhi zai bi ƙamshin ya iso gida. A tsibirin Janitzio da ke tafkin Patzcuaro a jihar Michoacan, iyalai kan kwana a maƙabarta, suna zaune a gefen kaburbura har wayewar gari.

Hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada cikin jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2008. Sai dai abin da ya fi sauya fuskar bikin fim ne. A 2015 fim ɗin James Bond mai suna Spectre ya nuna wani gagarumin jerin gwano na Ranar Matattu a babban birnin ƙasar, alhali babu irinsa a can. Shekara guda bayan haka, hukumomin birnin suka shirya na gaske, kuma tun daga lokacin ya zama abin jan baƙi. Fim ɗin Coco na 2017 ya ƙara yayata bikin.

Babu shakka otal-otal da manoman furanni da masu sana'ar hannu na samun kuɗi. Amma a ƙananan garuruwa, cunkoson baƙi masu ɗaukar hoto na neman mayar da zaman iyali a maƙabarta abin kallo, kuma wannan asara ce da kuɗin shiga ba zai maye gurbinta ba.

Akwai kuma gidajen da bikin ke fama musu miki. A 2022 adadin mutanen da gwamnati ta yi wa rajista a matsayin waɗanda suka ɓace ya haura 100,000, akasarinsu tun bayan da aka ƙaddamar da yaƙi da gungun masu safarar miyagun ƙwayoyi a 2006. Daga cikin shari'o'in da suka fi girgiza ƙasar akwai ta ɗalibai 43 na kwalejin horar da malamai ta Ayotzinapa, da aka yi awon gaba da su a 2014. Iyaye mata da dama kan ƙi ɗora hoton ɗansu a kan teburin, domin yin hakan tamkar amincewa ne cewa ya mutu, alhali ba su ga gawa ba, ba su kuma da kabarin da za su share.