Ba mu da teku, amma muna da keke

A yammacin Faransa, gefen tekun Atlantika, akwai wata hanya da aka tanadar wa masu keke, sunanta La Vélodyssée. Ta taso daga Roscoff, wani ɗan gari na bakin ruwa a arewa maso yamma, ta gangara kudu har Hendaye, kan iyakar Sipaniya. Tsawonta ya haura kilomita 1200, wato ya ɗara tafiyar Yamai zuwa Damagaram da kusan kilomita 300. An buɗe ta a 2012, kuma kusan kashi 70 cikin 100 nata mota ba ta shiga. Sauran kuma ƙananan hanyoyin ƙauye ne da aka zaɓa saboda ƙarancin motocinsu.

Na san abin da wani zai ce: "Mushe, mu da gulbinmu ma sai da damina yake gudu, me ya haɗa kifi da kaska?" A yi mini haƙuri. Tekun nasu ne, ba za mu iya ɗauko shi ba. Abin da nake so mu duba shi ne tunanin da ya haifi hanyar, domin a ganina shi ne ya fi daraja, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Mutanen nan sun yarda cewa mai keke yana da haƙƙi a kan hanya kamar mai mota, sai suka ware masa wurin da zai bi ya koma gida da ransa.

Mu bi hanyar daga farko. Roscoff garin albasa ne, kamar Galmi a wurinmu. Manomansa sun daɗe suna ƙetare ruwa zuwa Ingila, suna rataya albasa a kan keke suna talla gida-gida. Ashe ko a can, keke abin neman abinci ne kafin ya zama abin shaƙatawa. Daga Morlaix zuwa Carhaix, hanyar ta hau kan tsohon layin dogo da jirgi ya daina bi. An cire ƙarafan, an daddaɓe ƙasar, shi ke nan. Tun da jirgin ƙasa ba ya son hawa mai tsauri, sai hanyar ta zo wa mai keke daidai, tsoho da yaro kowa na iya tuƙawa. Daga nan ta bi gefen mashigin ruwan da aka haƙa tsakanin Nantes da Brest a ƙarni na 19, a kan turbar da dawakai ke bi a da suna jan jiragen kaya. Bayan Nantes ta sauka bakin teku, ta ratsa fadamu, da wuraren da ake shanya ruwa a kwashi gishiri, da ƙauyukan masunta, har La Rochelle. A Royan mai keke yakan shiga jirgin fito ya haye bakin kogin Gironde, sannan ya faɗa dajin Landes, inda zai yi kwanaki yana tafiya cikin inuwa.

Abu na farko da ke nan: yawancin hanyar an ɗinka ta ne da abin da aka yasar. Layin dogon da ya mutu, turbar dawakin da ta daina aiki, hanyoyin gona da na daji, su aka harhaɗa, aka kafa alluna iri ɗaya masu nuna gari na gaba da nisansa. Aikin ya fi cin haɗin kan hukumomin jihohi da na ƙauyuka fiye da siminti.

Na biyu, wa ke cin amfanin? Mu da ke zaune gefen babbar hanya mun san yadda abin yake. Motar fasinja ta taso daga Yamai, ta tsaya Doso, ta tsaya Dogon Dutsi, ta tsaya Ƙonni, ƙauyukan da ke tsakani rabonsu ƙura. Mai keke kuwa ba shi da wannan saurin. Ƙishirwa za ta kama shi, yunwa za ta tsai da shi, taya za ta sace, dare zai yi masa a ƙaramin gari. Duk inda ya tsaya sai ya bar ƴan kuɗi. Faransawa sun gane haka, har suka fito da wata alama, Accueil Vélo, da ake ba masauki ko gidan abinci idan bai fi kilomita 5 daga hanyar ba, kuma yana da wurin ajiye keke da kayan gyara. Tafiya a hankali ita ke raba arziki a karkara.

Na uku, an rubuta abin cikin doka. Tun 1996 dokar Faransa ta wajabta cewa duk sanda za a gina ko a sabunta titi cikin gari, sai an tanadi wurin masu keke. Dokar tuƙinsu kuma ta ce direban da zai wuce mai keke ya bar tazarar mita 1 cikin gari, mita 1 da rabi a bayan gari. Kafin wannan ma, a 1976, magajin garin La Rochelle, Michel Crépeau, ya zuba kekuna masu launin ɗorawa a gari domin jama'a su ara. Wato shekaru aka yi ana aza tubali ɗaya bayan ɗaya kafin a kai ga doguwar hanyar.

To, ga ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi. Za a ce wannan shagalin masu ƙoshi ne, mutanen da ke da hutun aiki da albashin zuwa shan iska. Mu kuwa muna fama da tsadar hatsi da rashin tsaro, ga ajujuwan zana da iska ke kwashewa kowace shekara. Gaskiya ne, kuma ba na kiran a gina wa ƴan yawon buɗe ido komai. Amma a duba su wane ne masu kekenmu. Mai kai madara kasuwa ne, da mai itace, da mai jarkokin ruwa, da malamin da aka tura ƙauye bai kai ga sayen moto ba, da ɗalibin da ya gama firamare a ƙauyensu, kwalejin kuwa tana wani gari. Idan har waɗanda ke hawa don nishaɗi sun cancanci hanya ta kansu, ina ga waɗanda ke hawa don dole?

Na koyar a garin da gudron ya ratsa ta tsakiya. Yaran da ke zuwa daga ƙauyuka suna bin bakin kwaltar da ya zaizaye, kamiyo na tahowa daga gaba, wata daga baya, mai keke sai dai ya faɗa rairayi. Da yawa sun iso aji da gwiwa a ƙuje. Wani uba ya faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa ya fi son ɗiyarsa ta zauna gida da rai a kan ta je lakwal a kawo masa gawa. Ban sami amsar da zan ba shi ba. Muna yawan taro kan karatun ƴaƴa mata, muna maganar auren wuri da talauci, amma da wuya ka ji an ambaci kilomitocin da ke tsakanin ƙofar gida da ƙofar aji.

Wani kuma zai ce ƙasarmu rairayi ce, ga rana, ga ƙaya. A koma dajin Landes. Kafin ya zama daji, bakinsa tuddan rairayi ne da iska ke turawa suna cinye gonaki da gidaje, cikinsa kuma fadama. Da hannu aka dasa shi, musamman bayan dokar 1857. Har yau a gefensa akwai tudun Pilat, wanda tsayinsa ya haura mita 100, yana tuna wa mutane yadda wurin yake a da. Inuwar da mai keke ke sha a can, wasu ne suka shuka ta ba su zauna ƙarƙashinta ba. Mu ma mun san wannan aikin. Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya tun 1975 sun kare gonaki daga iska, suna nan kowa na gani. A Wagadugu kuma, maƙwabtanmu sun ware wa masu ƙafa biyu gefensu a manyan tituna.

Don haka roƙona ga masu tsara hanyoyi da magadan gari ƙarami ne. Duk sanda za a gyara wani yanki na babbar hanya, a sa faɗin gefen masu keke cikin kwangilar tun farko, musamman kilomitocin da ke kusa da garin da ke da kwaleji ko kasuwar mako. Inda hakan ya gagara, a daddaɓe turbar jar ƙasa nesa kaɗan da kwalta, a dasa itatuwa gefenta, ƙauyukan da ke amfana su ɗauki nauyin kula da ita. Ƙungiyoyin direbobi da makarantun koyon tuƙi su mai da tazarar nan ta mita 1 da rabi al'ada. Mu malamai kuma mu ƙidaya ɗalibanmu masu zuwa da keke, mu rubuta ƙauyukansu da nisansu, mu kai takardar gaban majalisar gari lokacin da ake tsara kasafin shekara. Wanda ba a ƙidaya ba, ba a yi masa tanadi.

Allah ya kiyaye mana yaranmu a kan hanya, ya sa masu iko su ji.