Zauren Uwa: Ɗana na son tuƙa jirgin sama a cikin ɗaki, in saya masa sandar ko in hana?

 

A makon nan saƙo ne ya zo mini daga wata 'yar'uwa a Birnin Gwari, kuma tun da na karanta shi yake yi mini yawo a rai. Ɗanta mai shekara 13, wanda a shekarun baya idan ya ji rugugin jirgin yaƙi ya nufi daji yakan ruga ya shige ƙarƙashin gado, yanzu ba shi da zance sai na jirgi. Kawunsa ya bar masa tsohuwar kwamfuta da manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi a ciki, shi kuwa ya dage sai an saya masa sandar tuƙi. Mahaifinsa ya ce ɓarnar kuɗi ce, gara a sayi buhun taki. Ita kuma ta rasa inda za ta sa kanta, shi ne take tambaya: wannan abu wasa ne ko karatu?

'Yar'uwa, amsar da zan ba ki ita ce: duka biyun ne, kuma ke ce za ki sa ɗaya ya rinjayi ɗaya. Amma bari mu bi abin daki-daki.

Me ya sa tambayar ta fi nauyi a Birnin Gwari?

Yaron Kano ko na Abuja ya san jirgi da alhazai da 'yan kasuwa. Yaron da ya tashi a Birnin Gwari cikin shekarun nan ya san shi da wani abu dabam. Shekara da shekaru hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa tana cikin hanyoyin da matafiyi ke shiga da addu'a a baki. Dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999 don kare namun daji, ya koma mafakar 'yan bindiga. A ƙarshen 2021 har layukan waya aka katse a yankin na tsawon makonni. Sai a watan Nuwamba na 2024, bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla, aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin, jama'a suka fara samun sa'ida.

To yaron da ya girma a haka, yau ya ce shi yana son ya zauna a kujerar matuƙi ya ɗauki fasinja daga Kaduna ya kai su Kano lafiya, ni a wurina wannan alheri ne. Abin da yake tsoro jiya ne yake son ya fahimta yau. Kada ki yi saurin kashe masa gwiwa.

Sai dai ki bambance abu biyu. Akwai wasannin jiragen yaƙi, na harbi da jefa bam, waɗanda ba su koya wa yaro komai sai tada hankali. Akwai kuma manhajojin kwaikwayon tuƙi na gaskiya, waɗanda babu harbi a cikinsu, sai tashi, tafiya da sauka. Su nake magana a kai. Idan kuma har yanzu yaro na firgita cikin barci ko yana razana da ƙara, wannan ba aikin kwamfuta ba ne, ki kai shi ga ma'aikacin lafiya.

Mece ce manhajar kwaikwayo?

Ba sabon abu ba ne. Tun a 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya ƙera akwatin da ake koya wa matuƙa tuƙi a ƙasa, kuma har gobe babu matuƙin jirgin fasinja da ba ya komawa irin wannan na'ura lokaci-lokaci a gwada shi. A nan kusa da mu, Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wato NCAT, wadda aka kafa a 1964, tana amfani da su wajen horar da ɗalibanta.

Na gida kuwa kala-kala ne. Microsoft Flight Simulator, wanda ya fara fitowa tun 1982, shi ya fi suna, amma sababbin fitowarsa na 2020 da 2024 suna buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da intanet mai yawa, don suna jawo hotunan ƙasa ne daga intanet ana cikin tafiya. A inda wuta ba ta tsayawa kuma data ke da tsada, wannan wahala ce. Akwai X-Plane. Akwai FlightGear, wanda kyauta ne baki ɗaya, kuma idan an sauke jirgin da taswirar yankin da ake so, ana iya tashi ba tare da data ba. A waya akwai Infinite Flight da X-Plane na waya. Shawarata ita ce ku fara da na kyauta ko na wayar da ke hannunku, ku ga ko sha'awar za ta kai wata uku.

Kayan tuƙin da yadda ake saita su

Ki san sunayensu don kada mai shago ya ruɗe ki. Jirgi na da abubuwan sarrafawa guda uku manya. Na farko abin da matuƙi ke riƙewa: jiragen Boeing suna da sitiyari mai kama da ƙahon sa, na Airbus kuma 'yar sanda ce a gefen matuƙi. Idan aka ja baya hancin jirgi ya ɗaga, aka tura gaba ya sunkuya, aka karkata hagu ko dama fiffike ya kwanta jirgin ya juya. Na biyu totur, wanda da hannu ake tura shi a ƙara wa inji wuta. Na uku fedoji biyu na ƙafa, masu juya jelar jirgi.

Ba sai kin sayi ukun ba. Sanda ɗaya irin Logitech Extreme 3D Pro tana ɗauke da ɗan totur a gindinta, kuma idan aka murɗa ta tana yin aikin fedoji. Ko abin riƙewa na wasan ƙwallo da yara ke haɗawa da kwamfuta yana iya tayar da jirgi ya saukar. Idan ta hannu za ki saya, a Farm Centre ko Beirut a Kano ko a wani wurin, kada a biya sai an jona ta da kwamfuta an ga kowane maɓalli na amsawa.

Inda yara suka fi karaya shi ne saiti. Yaro zai jona sanda, jirgi ya riƙa zillewa gefe shi kaɗai, sai ya ce an sayo masa jabu. Sau da yawa lafiyarta lau. Ga abin da za ki sa ya yi, kina zaune kusa da shi:

Ya shiga wurin saitin sanda a cikin manhajar, ya sake ta ta tsaya a tsakiya, sannan ya kai ta ƙarshen kowane ɓangare, gaba, baya, hagu, dama, don manhajar ta san iyakarta.

Ya bar ɗan fili kaɗan a tsakiya inda sanda ba ta amsawa. Tsohuwar sanda takan yi rawa ko ba a taɓa ta ba, wannan filin ne ke shanye rawar. Kada ya yi yawa, in ba haka ba sai ta zama kamar sitiyarin tsohuwar motar haya, ana juyawa ba ta ji.

Ya rage mata kaifi, yadda ɗan motsi ba zai wuntsila jirgi ba.

Ya duba ko wani ɓangare ya juye. Idan ya ja baya jirgi ya sunkuya, akwai wurin da ake latsawa a mayar da shi daidai.

Ya tabbatar bai ɗora aiki ɗaya a kan maɓalli biyu ba, sannan ya rubuta a takarda: wannan na birki, wannan na tayoyi. Ya manna a bango.

Idan a waya ne, karkata wayar ce tuƙin. Ya zauna yadda zai daɗe, ya riƙe ta daidai, sannan ya latsa saiti kafin ya tashi. In ya sauya zama, ya sake saitawa.

Kin ga a nan kaɗai ya koyi haƙuri, da bin matsala har a gano tushenta, da rashin ɗora wa kaya laifi tun kafin a bincika. Manya da yawa ba su iya wannan ba.

Da rarrafe yaro kan tashi

Kowane yaro babban jirgi yake so ya fara da shi, Boeing 737 ko ma 747 irin na jigilar alhazai. Ki hana shi. Ɗaliban Zariya ma da ƙananan jirage masu inji ɗaya suke farawa. Ya ɗauki Cessna 172, ya tashi daga filin jirgin Kaduna, ya kewaya, ya dawo ya sauka, ya yi ta maimaitawa har saukar ta daina zama faɗuwa. Kowane fili na da lambarsa ta duniya da zai rubuta a manhajar: Kaduna DNKA, Kano DNKN, Zariya DNZA, Abuja DNAA.

Sai bayan nan ya hau babba. A nan zai tarar cewa tuƙin jirgin fasinja rabinsa lissafi ne da bin ƙa'ida. Kafin a tada inji akwai jerin abubuwan da ake dubawa ɗaya bayan ɗaya, ba a tsallake ko guda. Tsawo da ƙafa ake auna shi, nisa kuma da mil na teku, wanda kowane ɗaya kilomita 1.852 ne. Lambar da ke rubuce a bakin titin jirgi ma ba ado ba ce: titi mai lamba 06, kamar na Kano, yana fuskantar kusan digiri 60 ne a kamfas, wato arewa maso gabas.

Ga wani lissafi da za ki jarraba shi da shi yau da daddare. Matuƙa na ƙiyasta mil 3 ga kowace ƙafa 1,000 da za a sauko. Ki ce masa: jirginka zai sauko ƙafa 20,000, daga ina za ka fara? Amsar mil 60 ce, kusan kilomita 111, wato kwatankwacin tafiyar Birnin Gwari zuwa Kaduna. Yaron da ke gudun jadawalin sau a aji, ki ga yadda zai rungume shi idan jirginsa ne zai wuce fili.

Wata rana kuma ki ce ya ɗauke ki. Ku tashi daga Kaduna ku yi yamma, ya bi da ke ta saman dajin nan da ya hana ku barci shekaru. Ki bar shi ya yi miki bayani, ke ce fasinja.

Gaskiyar da za ki faɗa masa

Kada ki bar shi da mafarki babu ƙafa. Awannin da ya yi a kwamfutar gida ba a ƙirga su wajen ba da lasisi. Hukumar NCAA ce ke ba da lasisin tuƙi a Najeriya, bayan horo a makarantar da ta amince da ita. Ana neman sakamako mai kyau a Lissafi, Turanci da Fiziks, ana gwajin lafiya mai tsauri, har da ido da kunne da zuciya, kuma da Turanci ake magana da hasumiya a sufurin jirage na ƙasa da ƙasa. Kuɗin horon kuwa miliyoyi ne, abin da ya fi ƙarfin yawancinmu sai da tallafin karatu.

Amma jirgi ba matuƙi kaɗai ke tayar da shi ba. Akwai injiniyoyi masu gyara, akwai masu ba da hannu daga hasumiya, akwai masu tsara tafiya, akwai masana yanayi na NiMet. Yawancin waɗannan ana koyar da su a Zariya, ga kuma cibiyar fasaha ta sojojin sama, AFIT, a cikin Kaduna. Ko bai shiga ko ɗaya ba, lissafin da Turancin suna nan tare da shi.

Kuma kada a ce wa ƙanwarsa ta tashi ta ba maza wuri. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Najeriya, a Zariya ta yi karatu, daga baya ta shugabanci kwalejin. Tolulope Arotile, mace ta farko da ta tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu a ƙasar nan, a Kaduna aka haife ta.

Dokokin da za ki kafa tun ranar farko

Tafiya ɗaya a babban jirgi na iya cin awa guda ko fiye, don haka a yi yarjejeniya: ba a tashi sai an gama aikin makaranta, Islamiyya da aikin gida, kuma kiran salla na nufin a tsayar da jirgi ko yana tsakiyar sama, don akwai maɓallin dakatarwa. Kwamfutar ta zauna a inda kowa ke gani. Kada ki bar katin bankinki a jone da waya, domin da yawa daga manhajojin nan suna tallar ƙarin jirage da kuɗin wata-wata. Wasu kuma suna da zauren hira da baƙi daga ko'ina a duniya. Ki rufe wannan, in kuwa ya girma kin buɗe masa, ya san ba a faɗin suna, gari, makaranta ko aika hoto. Mu da muka san abin da bayani ke jawowa a yankinmu ba sai an yi mana dogon wa'azi a kan wannan ba.

Game da maigida kuwa, 'yar'uwa, kada ki yi jayayya da shi a kan taki, yana da gaskiyarsa, da noman ake ci. Ki ce a ba yaron zango ɗaya da abin da ke gida. Idan makinsa na Lissafi ya tashi, kuma sha'awar ba ta gushe ba, sai a haɗa kuɗin sandar a hankali, shi ma ya sa nasa daga ɗan abin da yake samu. Ranar da za a nuna wa baban, a bar yaron ya saukar da jirgi a gabansa, sannan ya yi masa lissafin mil 60 ɗin nan da baki.

Ke kuma mai karatu, wace sana'a ɗanki ko 'yarki ke kwaikwayo a gida, kuma yaya kika yi da ita? Ki rubuto mana a ƙasa, wata uwar za ta ƙaru. Allah Ya raya mana su, Ya dawwamar da zaman lafiya a Birnin Gwari da ƙasa baki ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.