Makullin Rumbu Ba na Kowa Ba ne

A daren 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya yi nufin share rumbun bayanai na biyu domin a sake cika shi, sai ya buga umarnin a kan babban rumbun da jama'a ke aiki da shi. Kafin ya farga, bayanai kusan gigabait 300 sun tafi, saura kamar 4.5. Hanyoyin ajiyar ko-ta-kwana da aka dogara da su ba su yi rana ba. Kwafin da aka ɗauka awa 6 kafin nan domin gwaji shi ya cece su, amma abin da aka rubuta cikin awannin nan ya salwanta.

Wannan fa ƙwararre ne, mai izinin shiga. To, ina ga wurin da duk mai rubuta manhaja, tsoho da sabon ɗauka, ke yawo da makullin babban rumbu a aljihu?

Ba banza aka raba rumbunan gida uku ba. A rumbun ƙira, mai manhaja ya gina, ya rushe yadda ya ga dama. A na gwaji, a taƙaita masa iko, kuma a zuba bayanan ƙirƙira ko waɗanda aka ɓoye sunayen masu su, don asirin mutane ba kayan koyon hannu ba ne. A babban rumbu kuwa, sauyi ya shiga ne bayan wani ya duba ya amince. In larura ta taso, a ba da izini na ɗan lokaci, da sunan mutum ɗaya, a rubuta abin da ya yi, sannan a karɓe. Tun 1975 Saltzer da Schroeder suka shimfiɗa ƙa'idar: kowa a ba shi iko gwargwadon aikinsa kawai.

Masu adawa na cewa wannan rashin yarda ne, kuma yana jawo jinkiri. Ba zargin sata ake yi wa kowa ba. Doki mai ƙafa huɗu ma yana tuntuɓe. Jinkirin kuwa gaskiya ne, amma maganinsa a sauƙaƙa hanyar neman izini, ba a cire ƙofa ba. Shugaban da ya raba makulli don gudun ƙorafi, ranar da rumbu ya ƙone kada ya nemi yaron da zai kora. Laifin na wanda ya miƙa makullin ne.