Famfon Mai Guda Ɗaya Bai Wadaci Jirgin Ruwa Ba

Daga Wakilinmu

Idan injin mota ya mutu a kan hanya, direba sai ya gangara gefe, fasinjoji su sauka su nemi inuwa har makaniki ya zo. Amma idan injin jirgin ruwa ya mutu a tsakiyar kogi, to babu gefen da za a raɓa, domin kuwa ruwa ba ya tsayawa jiran kowa. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin lokaci ya yi da hukumomi da masu jirage za su mai da hankali ga wani ɗan ƙarfe da ba a cika kula da shi ba, wato famfon da ke tura mai daga tanki zuwa inji.

Bari mu fara da abin da ya auku a ƙasar Amurka. A daren 26 ga Maris, 2024, wani katafaren jirgin dakon kaya mai suna Dali, wanda tsawonsa ya kai mita 300, ya tashi daga tashar Baltimo zai nufi ƙasar Siri Lanka. Yana dab da isa wata doguwar gada sai wutar lantarki ta ɗauke masa, babban injinsa ya tsaya. Ma'aikatan jirgin suka yi ƙoƙari wuta ta dawo, amma ba a jima ba ta sake ɗaukewa. Cikin kamar minti huɗu jirgin ya daki ginshiƙin gadar, ta rufta cikin ruwa, ma'aikata shida masu gyaran titi a kanta suka rasa rayukansu.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta bayyana sakamakon bincikenta a watan Nuwamba, 2025. Ta ce wata 'yar waya da ta kwance ita ce musabbabin ɗaukewar wuta ta farko. Ta biyun kuwa, mai ne ya yanke wa janaretoci. Asali an ƙera jirgin da famfunan mai biyu-biyu, waɗanda ke tashi da kansu da zarar wuta ta dawo, amma sai aka bar su ana amfani da wani famfo guda ɗaya tilo wanda aka yi shi don wanke bututun mai. Shi wannan famfo ba shi da na biyu, kuma idan ya tsaya sai mutum ya sauka ƙasa ya tayar da shi da hannu. Da ƙarfin turin mai ya faɗi, sai janareta ya kasa.

Wani zai ce ina ruwanmu da jirgin Amurka, mu da muke hawa kwalekwale mai inji a Yawuri ko Lakwaja? To, masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A watan Oktoba, 2022, lokacin ambaliya, wani jirgi ɗauke da mutane kimanin 85 ya nutse a yankin Ogbaru na Jihar Anambara. Rahotanni sun nuna injinsa ne ya mutu, ruwa ya ja shi ya buga da gada. Girman jiragen nan biyu ya bambanta ƙwarai, amma hanyar halakarsu iri ɗaya ce.

Ba ina cewa duk haɗurran da muke gani mutuwar inji ke kawo su ba. Na Wara a Jihar Kebbi cikin Mayu, 2021, da na Patigi a Jihar Kwara cikin Yuni, 2023, inda sama da mutum 100 suka rasu a hanyarsu ta dawowa daga biki, sun tunatar da mu sharrin lodi fiye da ƙima, da tsufan jirage, da tafiyar dare, da kututturan itatuwa da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Amma ya kamata a lura cewa a jirgi mai inji a gindi, injin nan shi ne akala. Da zarar farfela ta daina juyawa, matuƙi ba shi da ikon kauce wa kututture ko gada, sai jirgi ya ba igiyar ruwa gefe, fasinjoji su firgita su karkata wuri ɗaya. Saboda haka mutuwar inji ita ce ke mayar da ƙaramar matsala ta zama makoki.

Abin da ke hana mai isa inji sananne ne ga kowane makaniki. A ƙananan injuna, famfon yana aiki ne da wata fallen roba da ke bugawa, wadda ke yagewa idan ta tsufa. Tiyo yakan tsage da zafin rana ya riƙa zuƙar iska maimakon mai. Matatar mai takan toshe da datti. Ga kuma man da ake saye a jarka a bakin ruwa, wanda sau da yawa akwai ruwa ko ƙasa a cikinsa, balle kuma gurɓataccen fetur irin wanda aka shigo da shi ƙasar nan a farkon shekarar 2022, ya lalata injuna da dama.

Maganin kuwa bai fi ƙarfin mai jirgi ba. A manyan jiragen fito masu injin gas, ana iya ɗaura famfo na biyu mai aiki da batir a gefen na asali, tare da matata biyu da makunnin juya mai daga wannan zuwa waccan ba tare da an kashe inji ba. Haka kuma a sa agogon da ke nuna ƙarfin turin mai a gaban matuƙi. Idan allurarsa tana sauka sa'ad da aka ƙara wuta, alama ce matata ta fara toshewa ko famfo ya yi sanyi. Idan kuwa tana rawa, to iska na shiga ta wani wuri. Ta haka matuƙi zai nufi gaɓa tun inji bai mutu ba. A ƙananan jirage kuma, 'yar robar nan da ke jikin tiyo, wadda ake matsawa kafin a tayar da inji, ita ce famfo na biyu, domin yaron jirgi zai iya ci gaba da matsa ta har a kai tudu. Sai a tabbatar da lafiyarta, a kuma ajiye wata sabuwa da tiyo da filafilai a cikin jirgi.

Sai dai a yi hattara. Famfon lantarki na mota da aka ɗaura wa jirgin fetur barkatai zai iya haddasa gobara. Wajibi ne ya zama irin wanda ba ya tartsatsi, a kuma haɗa shi yadda zai tsaya da kansa idan inji ya tsaya.

Masu jirage za su ce rayuwa ta yi tsada, musamman tun da aka janye tallafin mai a shekarar 2023. Gaskiya ne. Amma kuɗin tiyo da roba da agogo bai kai kuɗin inji guda da zai nutse ba, balle ran ɗan Adam.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1997 take kuma da hedkwata a Lakwaja, da ta haɗa duba hanyar mai cikin sharuɗɗan ba jirgin fasinja izinin aiki, kamar yadda take matsa wa jama'a kan rigar ruwa. Gwamnatocin jihohin da ke bakin Kwara da Binuwai su horar da makanikai da matuƙa ta hannun sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masu jirage. Kuma kada a tsaya ga ɗaura famfo na biyu kawai, a riƙa gwada shi kowace safiya kafin a ɗauki fasinja, domin jirgin Dali ma yana da nasa, barinsu aka yi ba a amfani da su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya kiyaye mana matafiyanmu, amin.